Hilux ko Land Cruiser 79: wacce za ka saya idan hanyarka ta wuce ƙarshen kwalta?

Duk shekara da zarar damina ta kankama sai na samu mai kira da tambaya iri ɗaya. Ya tara 'yan kuɗinsa, ya gaji da kafewa a hanyar gona, yana son a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, to Hilux zai ɗauka ko Land Cruiser? Na daɗe ina harkar sayen hatsi da kai taki ƙauyuka, na riƙe Hilux ta kaina, na kuma yi damina da rani da Land Cruiser 79, wadda wasu a Najeriya ke kira Buffalo. Kafin na ba kowa amsa nakan ce masa: Alhaji, faɗa mini mafi munin kilomita 20 da kake bi, sau nawa kake bin su a wata, sannan ina bakaniken da ya fi kusa da wurin yake? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma amsar waɗannan tambayoyi uku ita ke zaɓar motar.

Dukansu 'ya'yan gida ɗaya ne, Toyota, amma tarbiyyarsu daban. Hilux ta fara fitowa a 1968, kuma tun daga nan ake ta sake mata fasali. Wadda ta cika titunanmu yanzu ita ce ta 2005 zuwa 2015 da kuma wadda ta biyo bayanta daga 2015, akasari ƙirar Tailan ko Afirka ta Kudu. Ita kuwa Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984, kuma har yau idan ka ajiye sabuwa kusa da tsohuwa ba za ka yi musun dangantakarsu ba. Lamba 79 ta zo a 1999 ta maye gurbin 75, mai ƙofa huɗu kuma sai a 2012. Sunan da motocin nan suka yi a yankinmu ba talla ce ta ba su shi ba. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da ke arewacin Chadi a kan irin waɗannan a-kori-kura, har yaƙin ya samu laƙabin Yaƙin Toyota. Direbobin Agadas da na Difa sun san wannan labari tun kafin a rubuta shi a jarida.

Babban bambancin yana ƙarƙashin mota, don haka sai ka durƙusa ka leƙa. Land Cruiser 79 tana da aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, guda miƙaƙƙe a gaba, wani a baya, kamar babbar mota. Idan taya ɗaya ta hau dutse, ɗayar takan danna ƙasa, cikin motar kuma ba ya sauka. Babu tarkace da yawa da za su lalace, wanda ya lalace ɗin ma mai walda da bakaniken ƙauye za su iya lallaɓa shi ka kai gari. Hilux kuwa daga ta 2005 kowace tayar gaba da nata hannun, tana hawa tana sauka ita kaɗai. Wannan shi ya sa take da laushi a kwalta, sitiyarinta ke bin hannu, kuma ba ta yawo a hanya idan ka taka ta. Kuɗin wannan daɗi kana biyansa a burji. Robobin hannuwan gaba, da ƙwallayen da ke riƙe taya, da robar da ke rufe sandar da ke juya tayar gaba, duk abubuwa ne masu ci. Robar nan in ta yage yashi ya shiga, ba a daɗewa za ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Wanda ke bin hanya mai wasa-wasan rami kullum da lodi, zai saba da gyaran ƙafar gaba kamar yadda ya saba da juyen baƙin mai.

Amma a faɗi gaskiya game da Land Cruiser. Idan babu kaya a bayanta, tana dukan ƙugu. Tafiyar Kano zuwa Abuja a cikinta aiki ce, ka sauka jikinka ya gaya maka. Kujerar baya a mai ƙofa huɗu a miƙe take, gwiwar babban mutum tana taɓa ta gaba. Kwanarta faɗi gare ta, a lungunan cikin birni sai ka yi gaba ka yi baya kafin ka juya. Tana da tsayi kuma ba ta da faɗi sosai, saboda haka ba motar da za a shiga kwana da gudu ba ce, musamman in an yi mata lodi sama. Duk wanda zai ɗauki iyali a motar nan sau da yawa, to ya sa uwargida ta zauna a baya a zagaya da ita kafin ya biya kuɗi.

Sai inji, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure, don suna sayen lambar doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, ba tare da tunanin man da za su riƙa zubawa ba.

Injin da ya yi wa Land Cruiser suna shi ne 1HZ, na gas (wato dizal), lita 4.2, silinda shida a jere, ba turbo. Tun 1990 ake yin sa. Dokinsa bai wuce kusan 130 ba, abin da ƙaramar mota ma kan fi shi, kuma in ka ɗora kaya ka doshi hawa sai ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kana haƙuri. Darajarsa ita ce famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu wata ƙwaƙwalwar lantarki da ke ba shi umarni. Gas ɗin da bai cika tsabta ba yakan haɗiye shi ya wuce, in dai kana canza filta. In ya sha iska, ka danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar har ya yi tauri, ka tayar. Akwai kuma V8 mai lita 4.5 da turbo, 1VD, wanda ya zo a 2007; ƙarfi kam ba a magana, amma nozul (bakin da ke fesa mai a cikin inji) takwas gare shi na zamani, kuma ranar da suka buƙaci canji za ka san ka sayi babbar mota. Akwai V6 na fetur mai lita 4.0, wanda ya yi yawa a waɗanda ake shigowa da su daga Dubai, lafiyayye ne amma mashayi. Daga 2023 kuma an fara sa mata injin gas mai lita 2.8 irin na Hilux, har da giya mai canza kanta.

A ɓangaren Hilux, wanda ya fi yawa a Najeriya shi ne 2TR, na fetur, lita 2.7, silinda huɗu, doki wajen 160. Sarƙa ke juya shi ba bel ba, kuma babu garin da za ka je a Arewa ka rasa wanda ya taɓa buɗe shi. Tsofaffin na gas akwai 5L mai lita 3.0 marar turbo, wanda halinsa ya yi kama da na 1HZ, sai 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0. Sababbin su ne 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8, wanda daga 2020 ya haura doki 200. Waɗannan na baya-bayan nan su ne suka fi daɗin tuƙi kuma suka fi tsimin mai, suna iya ba ka kilomita 10 zuwa 12 a lita, alhali 2.7 na fetur da 1HZ duk suna yawo tsakanin 7 da 8. Sai dai suna fesa gas ne da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofi 'yan mitsi-mitsi, don haka ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya jawo asara.

Na ga wannan da idona. Wata shekara muna dawowa daga cin kasuwar hatsi da Hilux mai 2KD, mai ya yi ƙasa, muka tsaya wajen 'yan bumburutu a bakin hanya aka juye mana jarka biyu. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba fitilar filta ta kama, motar ta fara shiƙa, ta daina amsa totur. Da yaron motata ya kwance ƙasan filtar ya tara gwangwani, abin da ya fara zubowa ruwa ne fari tas, sai daga baya gas ya biyo. Mun tsira da canza filta da wanke tanki saboda mun tsaya da wuri. Wani abokin sana'ata da ya ci gaba da taka tasa a irin wannan hali, nozul huɗu da famfo ya saya. Tun daga ranar, in zan shiga daji da motar gas ta zamani, daga gari nake cika jarkokina a gidan man da na yarda da shi, da filta sabuwa a ƙarƙashin kujera.

Lissafin mai ma ya canza. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur a Najeriya, mai Hilux ta fetur yana dariya ne, domin gas an daɗe da sakin farashinsa. Yanzu tazarar ta ragu, kuma tsimin injin gas na zamani ya fara yin ma'ana ga mai doguwar tafiya a kwalta. Duk da haka ga wanda rabin tafiyarsa a ƙauye take, fetur ya fi sauƙin samu, saboda ko'ina akwai babur da injin ban ruwa. A Nijar lamarin ya ɗan bambanta, domin gazuwal, wato gas, abu ne da manyan motocin hamada suka dogara da shi tun tuni, kuma kanikawan Agadas da Damagaram sun san 1HZ kamar yunwar cikinsu.

Tanki: Hilux lita 80 take ɗauka. Land Cruiser mai ƙofa huɗu 130, mai ƙofa biyu kuma sau da yawa tankuna biyu ne masu 90-90. Ga mai zirga-zirga tsakanin Zariya da Saminaka wannan ba wani abu ba ne. Ga mai fita daga Agadas zuwa Dirku, sama da kilomita 500 cikin hamadar Tenere ba kwalta, kuma yashi na ninka shan mai, magana ce ta rai. Duk da haka kada a raina Hilux a nan: fararen Hilux ne suka fi yawa a ayarin da ke ratsa wannan hanya zuwa Libiya, da jarkoki a ɗaure a jikinsu. Rashin nauyinta yana taimaka mata ta yi iyo a kan rairayi inda mai nauyi ke nitsewa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so mai saye ya ji. Yawancin kafewar da na gani ba laifin mota ba ne. A yashi, irin na wajen Yusufari ko Maine-Soroa, sirrin yana cikin iskar taya. Ka rage ta zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iska (psi), tayar ta baje, ka sa giyar ƙafa huɗu tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai ba tare da fizga ba. Hilux da aka rage wa iska za ta wuce Land Cruiser da tayoyinta ke cike tam. Sai dai ka tanadi famfon da za ka mayar da iskar in ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska in ta yi zafi fashewa take yi. A taɓo kuwa, irin baƙar lakar fadamun Hadeja zuwa Nguru, nan Land Cruiser ke nuna asalinta, musamman wadda ke da makullin aksil, wanda ke tilasta wa tayoyi biyu su juya tare ko da ɗaya tana lilo a iska. Wasu Hilux ɗin na bayan 2015 suna da shi a baya. Wasu Land Cruiser suna da shi gaba da baya. Da yawa a cikin duka biyun ba su da shi sam, don haka ka nemi maɓallin da idonka, kada ka ɗauki maganar dillali.

Wani yammaci a watan Agusta na shiga wata fadama da buhun taki 20 a bayan Land Cruiser. Na ja ƙaramar giyar zuwa L4, wato ƙafa huɗu mai ƙarfin ja, na taka, sai tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna watsa laka, na gaba ko motsi. Wani dattijo da ke dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa ya tsaya ya duba, ya ce, "Ɗana, ka murɗa na gaban kuwa?" Ya nuna tsakiyar tayar da bakin fartanyarsa. A yawancin Land Cruiser ɗin nan akwai ɗan murfi a cibiyar kowace tayar gaba da sai ka sauka ka murɗa shi da hannu ya kulle, in ba haka ba ogzilari, wato giyar ƙafa huɗu, ba ya kai wa tayoyin ƙarfi. Na shiga lakar har ƙauri na murɗa duka biyun, na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Motar ta fita a giya ta biyu kamar ba ita ba. Dattijon ya ce ya yi shekaru yana yaron mota a ƙuruciyarsa.

Ogzilarin motocin biyu iri ɗaya ne a ƙa'ida: H2 don kwalta, H4 don burji mai santsi da yashi, L4 don taɓo da hawa mai tsanani, kuma shi sai ka tsaya cak kafin ka sa. Kada ka bar ta a ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta. Babu abin da ke raba gudun gaba da na baya a tsakiya, sai ƙarafan su yi ta murɗe juna, taya ta cinye, wata rana wani abu ya karye. A Hilux ta bayan 2015 an cire ƙaramar giyar an sa abin murɗawa na lantarki, kuma in aka bar shi wata da watanni ba a taɓa ba yakan cije, ranar da kake buƙatarsa fitila ta yi ta ƙiftawa. Littafin Toyota kansa ya ce a riƙa sa ƙafa huɗu ana tafiyar kilomita 16 a kowane wata. A gangare kuma, irin saukowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe, da giya ake sauka. Wanda ya dogara da birki zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Ruwa kuwa dukansu an ƙayyade musu zurfin santimita 70, wato bai kai ƙugu ba, kuma ruwa mai gudu ko rabin haka bai kamata a yi wasa da shi ba.

Game da lodi, a takarda tazarar ba ta da yawa. Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya, Land Cruiser ta ɗara kaɗan, kuma wannan nauyi ya haɗa da direba da fasinja da jarkokin mai. Tan ɗaya buhun masara 10 ne, ko buhun taki 20. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ya wuce haka. Bambancin shi ne yadda suke tsufa a ƙarƙashin zalunci: Land Cruiser takan jure shekaru, ita kuwa Hilux mai ƙofa huɗu, da yake yawancin bodinta yana bayan aksil, in aka riƙa danƙara mata kaya ana faɗawa rami, shasinta na iya lanƙwasawa a tsakanin kai da bodi. Ƙara sifirin ba ya ƙara wa shasi ko birki ƙarfi. In kaya ne sana'arka, ɗauki mai ƙofa biyu a kowacce ka zaɓa.

Kuɗi kuwa, Land Cruiser ta fi tsada nesa ba kusa ba, sabuwa ko ta hannu, kuma samun mai lafiya a kasuwar 'yan Kwatano wahala ne, domin masu ita ba sa sakinta sai ta ga duniya. Kayan gyaran Hilux ko'ina akwai, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, sabo da na Beljiyam, na asali da jabu. Na Land Cruiser ba ka cika nemansu ba, amma ranar da ka nema za ka iya jira a aiko daga Legas. In ka tashi sayarwa, Hilux kuɗi ce a hannu. Wannan farin jinin ne kuma ya sa ɓarayi ke sonta, don haka na'urar bin sawu ba ado ba ce. Ita ma Land Cruiser da tata matsalar: a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, mota ce da ake dangantawa da sojoji da masu ɗauke da makamai, musamman mai launin ƙasa. Za ka sha tambayoyi a shingaye, kuma akwai dajin da shiga da ita ke jawo idon da ba ka so. Ni fara nake ba da shawara, takardu kuma cikakku a cikin mota.

Akwai wasu a kasuwa. Mitsubishi L200 ta fi araha, kuma wasu samfurinta suna da tsarin da ke ba ka damar barin ƙafa huɗu ko a kwalta, abin da ke da amfani a ruwan sama. Isuzu D-Max injin gas ɗinta abin yabo ne. Ford Ranger daɗi gare ta amma tana son bakanike mai kwamfuta. Tacoma da Tundra na Amurka fetur suke sha, Tundra kuwa sha na gaske. Duk ba zan hana mazaunin babban birni su ba, amma da ka yi nisa da birni matsalarsu ɗaya ce, kayan gyara.

To wacce? Ga mutum takwas cikin goma da suka kira ni, amsata Hilux ce mai injin 2.7 na fetur, giyar hannu, mai ƙafa huɗu. Manomin da ke zaune a gari yana zuwa gona, ɗan kwangila, mai sayen amfanin gona, wanda motar za ta kai yara makaranta ranar Litinin ta ɗauko buhuna ranar kasuwa, duk ita ce tasu. Mai yawan doguwar tafiya a kwalta wanda ke da tabbacin gas mai tsabta, ya duba 2.4 ko 2.8. Land Cruiser 79 mai 1HZ kuwa ta wanda kwalta ce baƙuwa a rayuwarsa: mai haƙar rijiyoyin burtsatse, mai kai magani rugage, mai aikin ma'adinai, mai ratsa hamada, wanda in motarsa ta tsaya zai kwana biyu bai ga wata ba. Wannan mutumin ya biya tsadar, ya jure dukan ƙugun, ba zai yi nadama ba. Wanda kuwa ke son ta don kwarjini kawai, zai ɗaure kuɗi mai yawa a motar da za ta riƙa gajiyar da shi a titin da Hilux ke wucewa salin-alin.

Ranar saye ka je da bakanikenka, da safe, injin yana sanyi, kada a tayar kafin ka iso. Ka kwanta a ƙasa ka tabbatar akwai farfela mai zuwa gaba, wato sandar da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfi, domin Hilux da yawa masu tsayi, ƙafa biyu kawai suke ja, an manna musu rubutun 4x4 a bodi. Ka bi shasi da tocila kana neman walda ko sabon baƙin fenti, musamman bayan kai. Ka duba lambar shasi ka gwada da takardun kwastan, saboda yanzu ana sauya wa ta 2008 fuska da fitilu ta koma kamar ta 2020. Ka lura ko an mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamar tana jikin bangon da ke bayan inji da kuma yadda masu share gilashi ke kwanciya, kuma irin wannan ko kyauta a bar ta. In injin 1HZ ne ko 5L ko KD, bel ke juya shi, ka canza shi a makon farko komai aka gaya maka. Sannan ka roƙi mai motar ku fita bayan gari, ka sami fili mai yashi, ka sa H4, ka tsaya ka sa L4, ka ji ta shiga ta kuma fita ba gardama. In ya ce ba lokaci, ka ba shi makullinsa.